Kulob ɗin horar da yara ƙwallo a Ƙofar Marusa: aiki mai kyau da ke wuyan mutum ɗaya

Shekara biyu ke nan da na kai ɗana wani kulob da ke horar da yara ƙwallon ƙafa a wajen Ƙofar Marusa, cikin birnin Katsina, kuma kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ana atisaye ranakun Alhamis da Juma'a bayan La'asar, lokacin da babu Islamiyya, a tashi kafin Magariba, kuma duk yaron da aka samu labarin ya yi fashin makaranta ba ya taɓa ƙwallo a wannan makon. Kuɗin wata bai fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci ba, marayu kuwa ba a karɓar ko sisi a hannunsu. Filin dai na ƙasa ne, ruwa yana kwanciya a bakin raga ɗaya da damina, ƙwallayen ma sun yi kaɗan.

Abin da ya fi damuna shi ne shugabancin. Dattijon da ya kafa kulob ɗin ya haura shekara ashirin yana riƙe da shi, kuma ban taɓa jin wanda ya zarge shi da cin kwabo ba. Sau da yawa ma daga aljihunsa ake sayen riguna. Sai dai kuɗin kulob a hannunsa suke, makullin ɗakin kaya yana wurinsa, shi ne kuma kaɗai ya san waɗanda ke ba da gudummawa. Da ya kwanta jinya bara, atisaye ya tsaya cak har mako uku, wasan sada zumunta da aka shirya da yaran Daura ya wargaje saboda babu mai ikon fitar da kuɗin mota.

Bayan ya samu sauƙi na je gaishe shi, na ce, “Alhaji, Allah ya ƙara lafiya, wa kuke shiryawa ya karɓe ku?” Ya ce yaran ba su kai ba tukuna, alhali masu horarwa biyu da kulob ɗin ke da su a hannunsa suka tashi, kowannensu yana da iyali.

Ga misalin abin da daɗewa a kan kujera ke jawowa: Jorge Nuno Pinto da Costa ya shugabanci ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Porto ta ƙasar Fotugal daga 1982, a zamaninsa ta ci babban kofin Turai a 1987 da 2004, amma duk da haka 'yan kulob suka kayar da shi a zaɓen Afrilun 2024, suka ɗora André Villas-Boas. Ba na so a kai ranar da iyayen yara za su yi wa dattijonmu haka, domin bai cancanci wannan ba.

Ina ba iyaye shawara su kai 'ya'yansu, musamman waɗanda ba su wuce shekara goma sha biyu ba. Roƙona ga Alhaji shi ne ya sanya ranar sauka tun yana da ƙarfinsa, a buɗe asusun banki da sa hannun mutum biyu, ya ba ɗaya daga cikin masu horarwar ragamar kakar wasa guda yana dubawa, shi kuma ya koma uban ƙungiya.