Wata Shida a Ajin Ingilishi na Dare a Damagaram

Na yi rajista a wata cibiyar koyon harsuna da ke kusa da unguwarmu a nan Damagaram, kuma yanzu na cika wata shida ina halartar darasi sau uku a mako, awa ɗaya da rabi bayan sallar Isha'i, a kan jaka goma kowane wata, ban da kuɗin takardun da ake kwafa mana. Sana'ata sayar da kayan gyaran wayar salula a Kasuwar Dole. Mafi yawan kayan daga Kano nake sarowa, wasu kuma ta hannun wani dillali a ƙasar Sin wanda ba ya jin Faransanci, saboda haka duk cinikinmu a WhatsApp da Ingilishi muke yin sa. Kamar kowane ɗan Nijar da ya shiga kwalej, na fara Ingilishi tun daga siziyem, wato ajin farko na kwalej, amma abin da ya rage mini bai wuce gaisuwa da ƙirga ba. Da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sa Ingilishi tare da Faransanci a matsayin harsunan aiki, sai na ga lokacin komawa aji ya yi.

Abin da ya fi komai daraja a wannan kwas shi ne yadda malamin yake koyar da lokutan aikatau. A makaranta ta ƙofar Faransanci aka shigar da mu, shi kuwa ta ƙofar Hausa yake shigar da mu, kuma na gane cewa wannan ƙofar ta fi kusa. A darasi na biyu ya rubuta jimloli biyu a allo: "Nakan je Kano kowane wata" da "Ina tafiya Kano yanzu." Ya nuna mana cewa Bafaranshe zai iya faɗin duka biyun da "je vais à Kano", alhali Ingilishi yana raba su kamar yadda Hausa take raba su, ta farko "I go to Kano every month", ta biyu "I am going to Kano now". Shekara huɗu na yi a kwalej ina haddace wannan bambanci ba tare da na fahimce shi ba, sai ga shi ya zauna mini a dare ɗaya. Malamin bai ɓoye mana inda kwatancen yake tsayawa ba, domin ya gargaɗe mu cewa "ina son shayi" ba ya zama "I am wanting tea", tunda aikatau irin su want da like da know ba su cika karɓar wannan siga ba.

Inda ya fi daɗewa, kuma ya dace ya daɗe, shi ne lokacin da ake kira present perfect, wanda shi ne ramin da duk wanda ya yi karatun Faransanci yake faɗawa. Saboda "j'ai envoyé" ya yi kama da "I have sent" a ido, na sha rubuta wa dillalina "I have sent the money yesterday", ban san kuskure ba ne. Ƙa'idar da Malam ya ba mu gajeriya ce: da zarar ka ambaci jiya ko bara ko wata shekara takamaimai, to sai "I sent". Daga nan ya ɗauko kalmomin Hausa uku, wato taɓa da riga da tukuna, ya jera su da ever da already da yet. "Ka taɓa zuwa Maradi?" shi ne "Have you ever been to Maradi?", "na riga na biya" shi ne "I have already paid", "ban biya ba tukuna" kuma "I have not paid yet". Wuri ɗaya ne Hausa da Faransanci suka haɗu suka kasa taimakonmu, wato zancen tsawon lokaci, domin dukansu suna cewa "ina zaune a nan shekara goma" da sigar yanzu, Ingilishi kuwa yana buƙatar "I have lived here for ten years". Mako biyu muka yi a kan for da since kaɗai, kuma ban ga ɓata lokaci a cikinsu ba.

Aikatau masu karya ƙa'ida biyar ake ba mu kowane dare, kuma dole kowa ya gina jimla daga sana'arsa. Ni da buy da sell da send da pay da break na fara, wani tela da ke kusa da ni kuma da cut da sew.

A fannin kalmomi, darasin da ya fi amfanata shi ne na kalmomin da suka yi kama da na Faransanci amma ma'anarsu ta sha bamban. Library ɗakin karatu ne, ba kantin littattafai ba. Attend halarta ne, ba jira ba. Actually yana nufin "a gaskiya", ba "a halin yanzu" ba. Wadda ta taɓa aljihuna ita ce delay. Na taɓa tambayar dillalina "what is the delay?" ina nufin wa'adin isowar kaya kamar yadda délai yake nufi, shi kuwa ya fahimci ina zarginsa da jinkiri, har muka yi kwana biyu ba mu fahimci juna ba. Malam ya kuma tuna mana cewa ba da hannu wofi muka zo ba, domin tebur da bokiti da tikiti da soja duk daga Ingilishi Hausa ta aro su, ko da yake mu a wannan gefen iyaka muna cewa lakwal (makaranta) da kaye (littafin rubutu) da bik (biro), waɗanda muka aro daga Faransanci saboda tarihinmu.

Karin maganar Ingilishi ma da irin wannan dabara aka koyar, kuma a nan ne ajin ya fi raha, domin dattawan cikinmu sun fi matasa saurin kawo takwarar kowace magana. Da aka rubuta "a bird in the hand is worth two in the bush", wani dattijo mai sayar da taya ya ce, "Malam, ai wannan ƙwai a baka ne ya fi kaza a akurki." Malam ya amsa, "Alhaji, kun gama darasin." Haka "once bitten, twice shy" ya samu wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Abin da na so a ƙara wa lokaci shi ne aikatau masu tafiya da ƙaramar kalma, irin su run out of da send back da turn off, domin su ne suka cika saƙonnin ciniki, amma darasi uku kawai aka ba su.

Sashen da bai gamsar da ni ba shi ne na maganganun titi. An raba mana takarda mai jerin kalmomin matasan Amurka waɗanda ban taɓa ji a bakin kowa ba tsakanin Matamaye da Kantin Kwari, alhali Ingilishin da ɗan kasuwar Damagaram yake cin karo da shi na Najeriya ne. A kasuwar Sabon Gari za a ce maka "how far?" ana nufin yaya dai, ko "I am coming" mutum yana fita, yana nufin yanzu zai dawo, daidai da "ina zuwa" namu. Wannan ba abin rainawa ba ne, tunda ƙamus ɗin Oxford da kansa ya shigar da kalmomin Najeriya 29 a watan Janairu na 2020, ciki har da okada da Kannywood da next tomorrow, wato jibi. Na faɗa wa Malam wannan ra'ayi bayan darasi, ya saurare ni da kyau, ya ce manhajar cibiyar ce ta zo da takardar haka.

Akwai kuma ƙarancin aikin baki da kunne. Mun haura talatin a aji ɗaya, saboda haka mutum zai iya yin dare guda bai furta jimla uku ba, kuma duk daren da aka ɗauke wuta sai a bar sauraro a koma rubutu da hasken waya. Bambancin p da f, wanda ke sa mu haɗa pan da fan ko copy da coffee, matsala ce ta kusan duk Bahaushe, amma sau biyu kawai aka taɓa ta. Bambancin will da going to ma a gurguje aka wuce shi a makon ƙarshe.

Ga wanda ya riga ya iya karatun boko kuma yake son gyara rubutunsa na Ingilishi, musamman ɗan kasuwa ko ɗalibin Jami'ar André Salifou mai buƙatar karanta takardun bincike, na ga jaka goman nan ta biya kanta. Wanda burinsa magana ce zalla zai buƙaci abokin hira a waje. Ni dai na sake rajista a mataki na biyu, kuma mu bakwai muka rubuta wa shugaban cibiyar takarda muna roƙon a raba ajin gida biyu, a kuma keɓe daren Alhamis domin hira da furuci.