Allurar BCG a asibitocin sha-ka-tafi na Sakkwato: ingancinta da inda take tangarɗa

Kyauta ake yin ta, kuma ta cancanci a yi mata sammako. Allurar BCG, wadda iyaye mata ke kira lamba, ita ce rigakafin tarin fuka da ake yi wa jariri da zarar an haife shi, tare da ɗigon shan-inna da allurar ciwon hanta.

Tsohuwar allura ce. Albert Calmette da Camille Guérin ne suka samar da ita a Faransa daga ƙwayar tarin shanu, suka yi shekara 13 suna raunana ta, aka fara ba ɗan Adam a 1921. Har yau ita kaɗai ce rigakafin tarin fuka da aka amince da shi.

Aikinta yana da iyaka. Tana kare ƙananan yara sosai daga sanƙarau na tarin fuka da kuma nau'in da ke bazuwa a jiki duka, kariyar da ta kai kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari. Amma tarin huhu na manya, ba ta da tabbas a kansa. Ko mai tabon BCG a damtse, in ya yi mako biyu yana tari, ya je a gwada majinarsa.

Ma'aikaciyar da ta ƙware, a hannunta ake ganewa. Mililita 0.05 take zuƙa ga jariri, ta kwantar da allurar kusan a kan fata, ta shigar da ita cikin fatar damtsen hagu. In ta yi daidai, wurin zai ɗan taso fari kamar bawon lemu. In ta nutsa ƙarƙashin fata, nan ne ake samun maruru ko babbar kaluluwa a hammata. Bayan mako biyu zuwa uku ƙurji zai fito, ya fashe, ya warke da kansa cikin wata biyu zuwa uku ya bar tabo. Kada a matse shi, kada a shafa man zafi ko toka. Ruwa mai tsabta ya wadatar.

Babban abin takaici shi ne kwalbar. Guda ɗaya ta jarirai 20 ce, kuma da an haɗa garin maganin da ke cikinta da ruwansa, bayan awa shida sai zubarwa. Shi ya sa asibitoci da yawa suka keɓe mata rana ɗaya a mako. Uwa ta taso daga ƙauye da goyo, a ce mata ta dawo wata rana, da wuya ta dawo kafin ta gama wankan jego. Ga zafin bazarar Sakkwato da ke haura digiri 40, alhali allurar tana buƙatar sanyin digiri 2 zuwa 8, kuma hasken rana yana kashe ta. Wuraren da ke da firji mai sola sun fi ba da kwanciyar hankali.

Wadda ta haihu a gida, maigida ko ungozoma su tambayo ranar BCG tun kafin suna, a je da safe, a karɓi kati a adana. Jaririn da ba shi da lafiya, ko wanda uwarsa ke da cuta mai karya garkuwar jiki, a faɗa wa ma'aikaciya kafin ta zuƙi allura.