Sienna ko jif mai layi uku: wacce ta dace da mai iyali a Legas?

Yayana da ke zaune a Agege ya kira ni kwanakin baya, ya ce Corolla ta yi musu kaɗan. 'Ya'ya biyar, ga Hajiya, ga mahaifiyarmu da ke zuwa ta yi wata biyu ko uku kowace shekara. Ransa na kan jif ɗin Toyota Highlander, makanikinsa kuwa ya dage sai Toyota Sienna. Na ce masa, "Yaya, kafin mu taka kasuwar motoci ta Berger, gaya mini abu biyu. Kwana nawa a mako za a zauna a kujerar can baya? Kuma idan ruwan Yuli ya sauka, ina yake kaiwa a layinku?" Duk gardamar a kan tambayoyin nan biyu take.

Mu fara da kujerar baya, don a nan dillalai suka fi rufe wa mutane ido. Za a ce maka duka biyun suna ɗaukar mutum bakwai ko takwas. Gaskiya ne a takarda. Amma layi na uku a Highlander, musamman ƙirar 2008 zuwa 2013, na yara ne. Babba ya zauna a ciki, gwiwarsa na neman haɓarsa, kafin a fita daga cunkoson Oshodi ya fara tambaya ko an kusa. A Sienna kuwa magidanci zai zauna daga Legas har Ilori bai yi ƙorafi ba. Sai kuma kaya. Idan aka ɗaga kujerun duka, wurin da ya rage a bayan Highlander ɗin nan bai kai lita 300 ba, ƙirar 2014 zuwa 2019 ta ɗan ƙaru zuwa kusan 390. Sienna ta 2011 zuwa 2020 tana da kusan lita 1,100, saboda akwai rami mai zurfi a but ɗinta inda kujerar ke naɗewa ta shige. Wanda ya taɓa tafiya gida Sallah da iyali ya san abin da nake nufi. Tafiyar kusan kilomita dubu zuwa Kano, ga akwatuna, ga tsaraba, ga jarkar manja da buhun gari da 'yan uwa suka yi saƙo. A jif ko dai ka kwantar da layin baya ka rasa kujeru, ko ka ɗaure kaya a sama kamar motar kasuwa.

Akwai kuma ƙofa. Mutane suna raina ƙofar Sienna mai zamewa gefe, har sai ranar da suka yi fakin a matse a Obalende ko bakin masallacin Juma'a, yaro ya banko ƙofar jif ya daki motar wani. A garin nan kowa ya san yadda ƙaramin ƙarce ke zama doguwar magana. Ga shi ƙasan Sienna bai da tsayi, tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta shiga ba sai an tallafe ta ba, mai goyo ma haka. Sai dai ƙofar da ke aiki da lantarki tana da laifinta: wayar da ke jan ta tana tsinkewa idan ta tsufa. Ka buɗe ka rufe kowane ɓangare sau uku ko huɗu kafin ka yi ciniki.

To ina jif ta yi nasara? A tsayi. Tazarar cikin Highlander da ƙasa ta kai kusan santimita 20, ta Sienna kuwa wajen 17, kuma Sienna doguwa ce, idan aka cika ta da mutane da kaya sai bayanta ya zauna. Nan ne za ka ji salansa na gogar tudun rage gudu, ko gaban motar ya daki bakin kwata. Idan gidanka na cikin layin da ba kwalta, ko kana bin Lekki da Ajah inda ruwa ke kwanciya a titi da damina, wannan 'yar tazarar tana da daraja. Amma kada a ruɗe ka, jif ba kwalekwale ba ce. Ruwan da ya kai bakin inda inji ke shaƙar iska zai kashe Highlander kamar yadda zai kashe Sienna. Kuma ba kowace Highlander ko Honda Pilot ke ja da taya huɗu ba, da yawa da na gaba kawai suke ja. Leƙa ƙasa ka gani, kada ka tsaya ga rubutun da ke manne a baya.

Batun mai ya zama abin lissafi tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023. A nan mutane da yawa suna zaton akwai babban bambanci, alhali Sienna da Highlander kusan uwa ɗaya uba ɗaya ne. Yawancin Sienna daga 2007 zuwa 2020 da Highlander daga 2008 zuwa 2022 inji iri ɗaya suke ɗauke da shi, mai silinda shida, lita 3.5, don haka shan mansu bai yi nisa da juna ba. Haka Odyssey da Pilot a gidan Honda. Inda aljihu ke kuka shi ne idan ka haura zuwa manyan jif irin Lexus GX 460 mai silinda takwas. Waɗannan an gina su ne don jeji da mugun hanya, kuma layinsu na uku ma ba wani yalwa gare shi ba. Sayen su don kai yara Islamiyya a Idi-Araba, ni dai a ganina, almubazzaranci ne. Sienna daga 2021 duk mai haɗa fetur da batir ce, tana da sauƙin mai ƙwarai, amma kuɗinta ba na kowa ba ne.

Wani abu da makaniki zai gaya maka, dillali ba zai faɗa ba: wajen taimin, wato abin da ke daidaita juyawar sassan inji, injin Toyota mai lita 3.5 da sarƙa yake aiki, shi kuwa na Sienna 2004 zuwa 2006 mai lita 3.3 bel ne, haka na Odyssey da Pilot. Bel yana da wa'adi, kuma idan ya tsinke a injin Honda yana iya lalata injin gaba ɗaya. Idan ta hannu ce daga Amurka, ba ka san yaushe mai ita na can ya canja ba, don haka ka sa kuɗin sabo cikin lissafi. Odyssey ta farkon shekarun 2000 kuma ta yi ƙaurin suna da matsalar giya.

Sienna ta zama motar direbobin dogon zango a ƙasar nan, kuma wannan alheri ne da kuma tarko. Alherin shi ne kayan gyaranta sun cika kasuwar Ladipo, kuma ko a Jebba ta tsaya maka za ka sami wanda ya san ta. Ranar da ka tashi sayarwa ma ba za ta kwana a hannunka ba. Tarkon kuwa, Sienna da aka yi amfani da ita a nan Najeriya tana iya zama wadda ta shekara biyar tana zirga-zirgar haya, aka yi mata fenti aka juya mita. Araha ba ta ado. Shi ma wannan suna na motar haya shi ne ainihin abin da ke damun yayana, ko da bai furta ba. Ba ya son ya isa ɗaurin aure a ce direba ya iso. Na fahimce shi, amma Hajiya da yara ne za su zauna a baya, ba 'yan ɗaurin aure ba.

Ga wani ƙaramin abu mai girma ga matafiyi. Sienna mai jan taya huɗu ta 2004 zuwa 2020 ba ta zuwa da safaya, an yi ta ne da tayoyin da ke iya ɗan tafiya bayan faci. A nan kuwa yawanci an riga an sauya su da na gama-gari. Ka tambaya tun a fili, kada ka gano hakan tsakanin Mokwa da Tegina da magariba.

Ko wacce ka zaɓa, tafi da makanikinka, ba na mai sayarwa ba. A duba lambar jikin mota mai harufa da lambobi 17 don sanin ko ta yi hatsari ko ambaliya ta taɓa cinye ta a ƙasar da aka kawo ta. Ɗaga kafet ka shinshina, ka duba tsatsa a ƙarƙashin kujeru. Takardar kwastan ta zama ta gaske. Kunna esi ka koma layin baya ka ji ko sanyi na isa can.

Da muka je Berger, na sa Yaya ya shiga layin bayan Highlander da babbar rigarsa, na rufe ƙofa na ce ya yi minti biyar. Bai cika uku ba ya ƙwanƙwasa gilashi. Layinsu a Agege akwai kwalta, ruwa ba ya kwana. Sienna 2013 mai jan gaba muka ɗauko, da safayarta a ƙasa, kuma har yau bai daina waiwayar jif ba idan ta wuce shi a hanya.