Jirgin daga Vancouver ya tashi, amma lissafinsa da dalar Amurka ne

Duk mazaunin Kanada da zai hau jirgin ruwan shaƙatawa zuwa Alaska, ya sani cewa daga lokacin da ya sa ƙafa cikin jirgin, dalar Kanada ta daina aiki. Jirgin yana ɗaure a tashar Canada Place, a tsakiyar birnin Vancouver, amma kofin shayi mai madara da za ka saya a ciki da dalar Amurka aka rubuta farashinsa. Kusan duk manyan kamfanonin da ke bin wannan hanya haka suke yi. Mun yi tafiyar ni da maigida da yara a lokacin zafi na 2024, kuma tun da muka dawo 'yan uwa ke tambayata ko kuɗin tikiti shi ne ƙarshen magana. Ba shi ba ne. Wannan sharhi kan abu biyu ne da na yi amfani da su: tsarin asusun da jirgin ke buɗe wa kowane fasinja, da katin bankin da na haɗa da shi.

Ga yadda tsarin yake. Ba a karɓar tsabar kuɗi a shagunan jirgi ko wuraren cin abinci. Ana ba kowa kati ɗaya, shi ne makullin ɗakinsa, shi ne shaidar shiga da fita a kowace tasha, shi ne kuma aljihunsa. Ka sha lemo, ka miƙa kati. Ka sayi hoto, ka miƙa kati. Duk abin da aka rubuta yana taruwa a asusunka, a ƙarshen tafiya a cire shi daga katin bankin da ka yi rajista da shi. Wajen sauƙi da tsaro na ba shi maki mai yawa. Ban taɓa jin fargabar yara za su yar da kuɗi ba, kuma an ba mu damar sa iyaka kan abin da katinsu zai iya saya, wanda na ga ya dace kowace uwa ta nema tun ranar farko.

Inda tsarin ya gaza a wurina shi ne yadda yake raba mutum da jin nauyin abin da yake kashewa. Ka ga an rubuta 9 a jikin abu, zuciyarka ta ɗauka dala 9 ce irin wadda kake karɓar albashi da ita. A lokacin tafiyarmu dalar Amurka ɗaya tana wajen dalar Kanada 1.37, wato wannan 9 ɗin ta haura 12, kuma ba a sa kason hidima ba tukuna, wanda a kan abin sha da wurin gyaran jiki yakan kai kashi 18 zuwa 20 cikin 100. Zuwa farkon 2025 canjin ya wuce 1.44. Waɗanda suka daɗe a Kanada suna tuna 2007 da 2011, lokacin da dalar Kanada ta yi kafaɗa da kafaɗa da ta Amurka har ta ɗan zarce ta. Wannan zamani ya wuce, kuma wanda ya tsara kasafinsa da tsohon tunani zai dawo gida ya tarar da takardar banki da ba ta yi masa daɗi ba. Abin da na riƙa yi shi ne duk farashin da na gani in ƙara masa kashi 40 cikin 100 a kaina. Ya ɗan wuce gaskiya, amma gara ya wuce da ya gaza.

Yanzu ga zuciyar maganar: wa zai yi maka canjin, kuma nawa zai ɗauka. Duk wanda ya taɓa canza kuɗi a Wapa ya san ba a miƙa wa mutum na farko da ya kira ka, sai ka ji farashi biyu ko uku. A jirgi ma masu canji uku ne ke jiranka, sai dai babu mai fitowa fili ya ce maka ga kamashonsa.

Na farko kamfanin jirgin ne da kansa. Lokacin rajista ta intanet an tambaye mu ko muna so a cire mana kuɗin da dalar Kanada kai tsaye, don mu san abin da muka biya ba tare da lissafi ba. Maganar tana da daɗin ji. Amma canjin da ake bayarwa a irin wannan tsari yana ɗauke da ƙari, sau da yawa wajen kashi 3 cikin 100 ko fiye, kuma ba a rubuta shi da manyan baƙaƙe ba. Na ƙi. Shawarata ga kowa ya ƙi, ya ce a caje shi da dalar Amurka. Kuma ya sake dubawa a teburin kula da baƙi bayan ya shiga jirgi, domin na ga wata baiwar Allah daga Ontario da ta ce ba ta san ma ta amince ba, wai wakilin da ya yi mata rajista ne ya danna mata.

Na biyu bankinka ne. Yawancin katunan bashi na Kanada suna ɗora kashi 2.5 cikin 100 a kan duk sayayyar da aka yi da kuɗin waje, kuma ba ya fitowa a layi na daban, ana cusa shi cikin canjin ne. Mutane da yawa sun shekara suna biya ba su sani ba.

Na uku shi ne katin da ba ya ɗora wannan kaso. Ni da Scotiabank Passport Visa Infinite na yi amfani, kuma ya cika alkawarinsa. Da muka dawo na ɗauki takardar lissafin jirgi na kwatanta da canjin da Babban Bankin Kanada ke wallafawa a shafinsa kowace ranar aiki, na ga ratar kaɗan ce, ratar da ke tsakanin canjin Visa da na babban banki kawai. Katin yana da kuɗin shekara, saboda haka wanda ba ya yawan fita waje ya yi lissafi tukuna ko zai mayar da kuɗinsa. Akwai kuma katin Wise da na EQ Bank waɗanda su ma ba sa ɗora kashi 2.5 ɗin, kuma manyan bankuna irin su RBC da TD da BMO suna da katin bashi na dalar Amurka zalla, wanda ya fi dacewa da mai asusun dalar Amurka da ya riga ya tara kuɗi a ciki lokacin da canji ya yi sauƙi.

A ce iyali sun kashe dalar Amurka 1,500 a cikin jirgi, wanda ba abin mamaki ba ne ga mutum huɗu. A canjin 1.37 ya zama dalar Kanada 2,055. Kati na gama-gari zai ƙara wajen 51. Canjin kamfanin jirgi a kashi 3 zai ƙara wajen 62. Wani zai ce ai ba yawa. Ni kuwa ina ganin kuɗin cefanen kwanaki ne aka bayar ba tare da an samu ko ruwan sha a madadinsa ba, kuma hana shi fita bai wuce danna maɓalli ɗaya da zaɓen katin da ya dace ba.

Akwai abin da ya dame ni a tsarin, kuma ya shafi 'yan uwa Musulmi musamman. Da yawa daga cikinmu ba sa son katin bashi saboda kuɗin ruwa, sun fi son katin da ke cire kuɗi kai tsaye daga asusu. Na fahimci wannan ƙwarai, ni ma biyan nawa nake yi gaba ɗaya kafin wa'adi don kada ruwa ya hau. Amma jirgi yana riƙe wani adadi a katinka tun ranar shiga, yana ƙara riƙewa yayin da kake saye. A katin bashi wannan riƙon ba ya taɓa kuɗinka na gaske. A katin cire kuɗi ko katin da ake loda wa kuɗi, kuɗinka ne ake ɗaurewa, kuma yakan ɗauki kwanaki bayan an sauka kafin banki ya sake shi, alhali an riga an cire ainihin lissafin. Wanda kuɗin hayar gidansa ke fita daga wannan asusu yana iya shiga matsala. Mafita ga wanda ba ya son katin bashi ita ce ya canza tsabar dalar Amurka tun a gida, ya ajiye ta a teburin kula da baƙi a matsayin kafin alƙalami, a riƙa cirewa daga ciki, abin da ya rage a mayar masa. Jirginmu ya yarda da haka. Kada dai ya bari sai a filin jirgin sama ko cikin jirgin ruwan zai yi canjin, nan ne farashi ya fi muni.

Maganar tukwici ita ce ta fi tsaya mini a rai. Ana rubuta wa kowane fasinja wani adadi kowace rana, yawanci tsakanin dalar Amurka 16 zuwa 20, har da yara. Ga iyali mai mutum huɗu a tafiyar mako guda, in aka ɗauki 18, dala 504 ke nan, wato wajen dalar Kanada 690. Kuɗi ne mai nauyi, kuma ina ganin kamata ya yi kamfanoni su sa shi cikin kuɗin tikiti tun farko maimakon su bar shi ya zo wa mutum daga baya. A daren ƙarshe na ga layin mutane a teburin baƙi, wasunsu sun je ne a cire musu shi. Ban ji daɗin ganin haka ba. Mutumin da ke gyara mana ɗaki ɗan Indonesiya ne, Musulmi, da ya ga sallaya a ɗakin sai ya yi mana sallama, ya riƙa barin ta a ninke a wuri mai tsabta, har ya nuna wa maigida tashar talabijin da ke nuna inda jirgi ya dosa don ya gane alƙibla. Watanni yake yi bai ga iyalinsa ba. Wani ɓangare na abin da yake aikawa gida daga wannan tukwici yake fitowa. An hore mu da mu biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe, saboda haka in za a yi tsimi a yi shi a kan kason banki da hotuna da kayan tsaraba, a bar wa wannan bawan Allah haƙƙinsa.

Abin da ya taimaka mana shi ne biyan tukwicin tun kafin tafiya, da dalar Kanada, tare da kuɗin tikiti. Haka muka yi da intanet da kuma tikitin jirgin ƙasa na Skagway, ɗaya daga garuruwan Alaska da jirgin ruwan ke tsayawa. Biya tun da wuri yana kulle canji, kuma farashin kafin tafiya yakan fi na cikin jirgi sauƙi. Sai dai a duba canjin da kamfanin ya yi amfani da shi a kwatanta da na babban banki, domin wani lokaci yana da kyau, wani lokaci ba shi da.

Kunshin abin sha da ake ta tallatawa, mu da ba ma shan giya bai shafe mu ba. Na lemo da kofi ma da na yi lissafi ban ga ribarsa ba, tunda ruwa da shayi da kofi na yau da kullum kyauta ne a wurin cin abinci. Waya kuwa a sa ta a yanayin jirgin sama da zarar an bar gaɓa, domin layin da ke aiki a tsakiyar teku ba ya cikin tsarin yawo na kwana-kwana da kamfanonin waya na Kanada ke sayarwa, kuma tsadarsa ba ta misaltuwa. Likitan jirgi ma da dalar Amurka yake caji, inshorar lafiya ta lardi ba ta ɗaukar abin kirki a wajen ƙasa, don haka inshorar tafiya ba abin wasa ba ce.

A tashoshi abin ya fi sauƙi. Juneau da Skagway da Ketchikan duk Amurka ce. Jihar Alaska ba ta da harajin sayayya na jiha, amma garuruwan suna da nasu, a Juneau kashi 5 cikin 100 ne. In injin kati ya tambaye ka da wace dala za ka biya, ka zaɓi ta Amurka. 'Yan ƙananan takardu na dala ɗaya da biyar suna da amfani don direbobi da masu rakiya. A Skagway mun hau jirgin ƙasan White Pass and Yukon Route, wanda aka fara ginawa a 1898 lokacin rububin zinare na Klondike, yana hawa duwatsu har kan iyakar Kanada. Wanda ya zaɓi zarcewa zuwa Carcross a Yukon ya koma ƙasarsa ke nan, dalar Kanada za ta sake yi masa aiki, amma ya tafi da fasfonsa. Wannan hawan dutse da ganin ƙanƙarar Mendenhall a Juneau su ne wuraren da na kashe kuɗi ban ji ciwonsu ba.

Manhajar jirgin tana nuna lissafi nan take, kuma kowane dare nakan duba. Na taɓa ganin an rubuta mana abin sha da ba mu saya ba, na je teburin baƙi da safe aka goge ba gardama. Muhimmancin gyarawa kafin a rufe asusu shi ne in an riga an cire kuɗin sannan aka mayar, canjin ranar mayarwa daban ne, kuma a wasu katunan kason nan na 2.5 ba ya dawowa. Wajen dawowa, wanda ya yi sa'a 48 ko fiye a waje yana da damar shigo da kaya na dalar Kanada 800 ba tare da haraji ba, kuma da dalar Kanada kwastan ke lissafi, saboda haka a ajiye rasit a yi canjin kafin a cike takarda.

Tafiyar ta cancanci kuɗinta, zan kuma sake yi in Allah ya yarda. Tsarin asusun jirgi na yaba masa wajen sauƙi, na rage masa maki wajen ɓoye ƙari da riƙe kuɗin mutane. Katin da na ɗauka ba ni da ƙorafi a kansa. Maigida yana maganar Bahar Rum a gaba, kuma a can wasu jiragen, irin su na MSC da Costa, da yuro suke lissafi, don haka katin dalar Amurka ba zai yi amfani ba, sai wanda ba ya ɗora kaso a kan kowane irin kuɗin waje.