ThinkCentre M720q: 'yar kwamfutar ofis da ke riƙe mana sabar wasa

Wanda duk ya tambaye ni wace kwamfuta zai saya don ya kafa sabar wasa a gida, wato kwamfutar da 'yan wasa ke haɗuwa a kanta ta intanet, shi da abokansa, Lenovo ThinkCentre M720q Tiny nake fara nuna masa. Ba don wasa aka ƙera ta ba. Kwamfutar ofis ce ta shekarar 2018, girmanta lita 1 kacal, tana shiga bayan talabijin ta ɓace. Tawa ta hannu ce, mai furosesa Intel Core i5-8500T, kuma ita ke ɗauke da duniyarmu ta wasan Minecraft dare da rana, da ta wasan Valheim idan sha'awarta ta motsa mana.

Kafin in saye ta mun sha muhawara. Ɗaya daga cikinmu ya dage a kan tsohuwar sabar kamfani mai furosesa Xeon, irin masu ƙwaya 12 a furosesa ɗaya (ƙwaya ita ce sashen furosesa da ke lissafi da kansa), don a ganinsa yawan ƙwaya shi ne ƙarfi. A wasu ayyukan gaskiyarsa ce, amma ban da Minecraft. Sabar wannan wasa tana lissafa duniya sau 20 a kowace daƙiƙa, wato kowane zagaye yana da kashi 50 cikin 1000 na daƙiƙa ya gama da motsin dabbobi, da dodanni, da mutanen ƙauye, da injinan redstone, wato lantarkin cikin wasan, da 'yan wasa suka gina. Mafi yawan wannan aiki a kan ƙwaya guda yake tafiya. Kamar rijiya ce mai guga ɗaya: ko mutum ashirin suka taru a bakinta, ruwan da zai fito gwargwadon saurin mai jan igiyar ne. Idan zagaye ya wuce lokacinsa, kowa zai ji a hannunsa, ka fasa dutse ya dawo, ka kai sara dodon bai ji ba. Saboda haka abin dubawa shi ne saurin ƙwaya ɗaya. Ita i5-8500T ƙwayoyinta 6 ne, tana tashi daga 2.1 GHz har zuwa 3.5 GHz, an kuma tsara ta a kan wat 35. Xeon E5-2670 v3 da abokin nawa yake so tsarin wat 120 ne, ga tsohon ƙira, ga kukan fanka irin na akwatunan da aka yi don ɗakin sabobi. Babu mai iya barci kusa da su.

Katin hoto kuwa ba a bukatarsa ko kaɗan. Sabar ba ta zana komai, kwamfutocin 'yan wasa ne ke zane. Ko allo ban jona wa tawa ba tun ranar da na gama sa mata tsarin aiki na Debian.

Abin da ya fi burge ni a jikinta shi ne sauƙin buɗewa. Kusa ɗaya ce a baya, ka kwance ta, murfin ya zame. Akwai gurbin RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki, guda 2 irin na laftof, DDR4, da gurbin SSD, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri, na M.2 guda 1, da wurin faifai mai inci 2.5. Da 8 GB ta zo mini, na cire na sa 16 GB biyu, suka zama 32. Ban yi haka don Minecraft kaɗai ba. A kan Paper, wato manhajar sabar da muke amfani da ita, 6 GB zuwa 8 GB ya ishi ƙaramin taro irin namu, kuma bai kamata a miƙa wa Java, manhajar da Paper ke gudana a kanta, duk RAM ɗin da ke cikin kwamfuta ba, sai an bar wa tsarin aiki nasa kason. Na ƙara ne don wasanni biyu su zauna tare ba tare da cunkoso ba. Mai niyyar wasan Palworld ma ya san da wannan tun farko, don waɗanda suka ƙera wasan 16 GB suka ce sabarsu na bukata.

Yadda take a aikace: idan muna biyar ko shida a ciki, kowa na harkarsa a garin da muka gina, na buga /tps, umarnin da ke nuna yawan zagaye a daƙiƙa, sai in ga 20 cif, ba ta girgiza. Inda take nishi shi ne lokacin da mutum biyu suka ɗaura elytra, wato fukafukan cikin wasan, suka tashi, ɗaya gabas ɗaya yamma, zuwa ƙasar da ba a taɓa takawa ba. Tun sigar 1.18 ta shekarar 2021 tsayin duniya ya ƙaru, daga 64 ƙasa da sifili har zuwa 320, don haka kowace sabuwar gunduwar ƙasa mai faɗin 16 sau 16 tana cin aiki fiye da da. A nan sauran ƙwayoyin suke nuna amfaninsu, tunda Paper na ƙera sabuwar ƙasa a gefe, amma duk da haka fanka takan ɗaga murya. Maganin da ya yi mini aiki shi ne Chunky, wani ƙari da ake sa wa sabar. Na bar shi ya kwana yana ƙera ƙasar da ke kewaye da garinmu tun kafin kowa ya isa can, na kuma rage nisan gani daga gunduwa 10 zuwa 8. Babu wanda ya lura da ragin, kowa ya lura da sauƙin.

Ina son a fahimci iyakarta. Furosesa mai harafin T a ƙarshe an rage masa gudu ne da gangan don ya rayu a ƙaramin akwati. Idan burinku manyan tarin mod ne, wato gyare-gyaren da ake ɗora wa wasan, masu ɗaruruwan ƙari, ko mutum 20 kowa da gonar ƙarfe da ɗakin cinikin mutanen ƙauye, ku nemi kwamfutar tebur mai sabon furosesa mai gudu sosai. Wannan ba za ta kai ku ba.

Akwai kishiyoyi biyu da ake yawan ambata. Raspberry Pi 5 na iya ɗaukar ƙaramar duniyar Minecraft, sai dai furosesarta ƙirar ARM ce, sabar Valheim kuwa da yawancin waɗanda ake saukewa ta SteamCMD, manhajar sauke sabobin wasa, don x86 aka yi su, wato ƙirar furosesa irin ta Intel. Ƙananan kwamfutoci masu Intel N100 sababbi ne, ba sa cin wuta, amma ƙwaya 4 ce, kuma 16 GB ne iyakar RAM da Intel ta ayyana musu.

Maganar intanet ta fi ƙarfin kwamfutar, amma ita ce ke kashe sabobi da yawa. M720q na da ƙofar waya mai gigabit 1, ku jona ta da rauta kai tsaye, ku manta da Wi-Fi. Saurin turawa na layin gidanku ya fi saurin saukewa muhimmanci, domin ku ne masu aika wa kowa bayanai. Minecraft na Java yana bi ta ƙofa 25565, wato lambar mashigar da bayanansa ke bi a rauta, Valheim ta 2456 da 2457. Idan kamfanin intanet ɗinku ya haɗa ku da wasu gidaje a adireshin IP ɗaya, buɗe ƙofa a rauta ba zai yi komai ba. Mu Tailscale muke amfani da shi, manhajar da ke haɗa na'urori ta keɓantacciyar hanya: kowane aboki ya sa a na'urarsa, ya shigo kamar yana cikin gidan, baƙo kuma ba ya ganin sabar balle ya ƙwanƙwasa. Wanda ya zaɓi buɗe ƙofa ga duniya, ya kunna jerin sunayen waɗanda aka yarda su shiga tun ranar farko.

Abu biyu nake roƙon kowa ya yi. A cikin BIOS, wato saitin kwamfuta da ake shiga lokacin kunna ta, akwai zaɓin da ke sa ta kunna kanta idan wuta ta dawo bayan ɗaukewa, ku kunna shi, ku kuma sa mata ƙaramin UPS, wato batirin da ke riƙe ta idan an ɗauke wuta, tare da rauta. Sannan gurbin faifan nan na inci 2.5, ku sa masa SSD na biyu, kwafin duniyar wasan ya riƙa sauka a kai kullum cikin dare, lokaci-lokaci kuma a kai kwafi wata na'ura dabam. Aikin watanni na abokanka ne a hannunka, amana ce.

Wajen saye, kada sunan M720q kaɗai ya ishe ku, don akwai masu Pentium da i3 a cikin akwati iri ɗaya, ku nemi ganin lambar furosesa a allo. Ku tabbata cajarta ta wat 65 mai baki murabba'i tana tare da ita. Ku shiga BIOS a gaban mai sayarwa, domin kwamfutocin da suka fito daga ofisoshi wani lokaci suna zuwa da kalmar sirri a kulle, kuma idan haka ne ba za ku iya taɓa zaɓin wutar nan ba.