Wane rufi ne ya fi jure wa a kayan alminiyam na babur?

Alminiyam ba ya jan tsatsa irin ta ƙarfe, amma idan ruwa ya kwana a kansa sai ya yi farin gari, ya rarake. A Jos kuwa damina na ɗaukar kusan wata shida, hunturu ya biyo da ƙura, ga rana mai cin launi.

Anodaizin ba shafe ba ne. Ana tsoma kayan cikin ruwan asid a sa wuta, fatar alminiyam ɗin kanta ta taurare, don haka ba ya ɓarewa. Na kwalliya kaurinsa mikron 5 zuwa 25 ne (mikron dubu ne ke yin milimita ɗaya), mai tauri kuma ya kan kai 50. Ya dace da hannun birki, matakin ƙafa da rim mai sifok. Inda yake kasawa shi ne launi: ja na saurin koɗewa, baƙi mai arha ya koma ruwan ƙasa. Sabulu mai soda yana ƙona shi, kuma tabon ba ya gyaruwa. Murfin inji da aka zuba a tukunya yana da sinadarin silikon da yawa a cikinsa, idan aka yi masa anodaizin sai ya fito toka-toka, dabbare-dabbare. Kada ku ɓata kuɗinku a kai.

Ga murfin inji da wilin zubi, fentin gari da ake gasawa ya fi. Kaurinsa mikron 60 zuwa 120, ana gasa shi a zafin digiri 180 zuwa 200 na ma'aunin Salsiyas na kamar minti 15. Sai an cire boris, oyal sil da duk wata roba, an toshe mazaunin boris da ramukan noti, in ba haka ba haɗawa za ta gagara. Ku tambayi mai aikin ko yana fara ɗumama kayan kafin ya fesa. Idan bai yi ba, iskar cikin zubin za ta huda fentin. Tsakuwa na iya fasa shi, ruwa ya bi ta ƙarƙashi ya ɗaga shi.

Fentin gwangwani kuwa fetur kaɗan ke narka shi. In fenti za a yi, a sa firaima, wato shafen farko, mai kama alminiyam, sannan fenti mai hadina, wato sinadarin da ke taurara shi. Shi ma man birki na cinye shi.

Kurom a kan alminiyam yana da kyau ranar saye, amma da ya fashe sai ya riƙa tashi kamar ɓawon gyaɗa. Mai babur ɗin aiki, wanda kullum yana kan jar ƙasa, ya bar shi a shago.