Cikakken kwalin DVD na shiri mai dogon zango: ya cancanci saye, amma sai da buɗe ido

Kwalin da ya haɗa dukkan zangunan shirin talabijin wuri guda kaya ne mai kyau, kuma a ganinmu ya ci kuɗinsa. Dandalin kallo na intanet yana iya sauke shiri ranar da lasisinsa ya ƙare, ko ya zare wani kashi ba tare da ya gaya wa kowa ba. Faifan da ke ajiye a ɗaki kuwa babu mai zuwa ya ɗauke shi. Damuwar ita ce kayan yana ƙara wuyar samu, kuma duk inda kaya ya yi wuya, a nan masu jabu ke baje kolinsu.

Dalilin ƙarancin ba ɓoyayye ba ne. Zango ɗaya mai kashi 22, kowane kashi minti 42 zuwa 45, yana cin faifai biyar ko shida. Shirin da ya yi zango bakwai ke nan ya doshi faifai 40 a kwali ɗaya. Kamfani ba ya buga irin wannan kullum: yakan buga adadi guda, idan ya ƙare sai ya duba ko sake bugawa zai biya, kuma sau da yawa ba ya biya. Kasuwar ma tana tsukewa. Netflix ya rufe sashensa na aika faifai ta gidan waya ranar 29 ga Satumba, 2023. A wannan shekarar Disney ya daina fitar da faifai a Ostireliya da New Zealand, sannan a farkon 2024 shagunan Best Buy na Amurka suka kwashe DVD daga kantocinsu. Da zarar bugu ya ƙare, sai a hannun masu sayar da na hannu, su kuma suna tsuga kuɗi yadda suka ga dama.

Akwai shirye-shiryen da ba rashin masu saye ne ya hana su fitowa ba, haƙƙin waƙa ne. A da, ana biyan kuɗin waƙar da aka sa a shiri don nunawa a talabijin kawai, babu wanda ya yi tunanin faifai. Shirin Amurka mai suna The Wonder Years ya ƙare a 1993, amma bai fito a DVD ba sai 2014 saboda wannan ƙulli. Wasu kamfanonin ba sa tsayawa warware shi, sai su cire waƙar asali su liƙa wani kiɗa mai araha, wani lokaci har da yanke wurin da ɗan wasa ke rera ta. Sukan rubuta hakan da ƙananan haruffa a bayan kwali, cewa kiɗan zai iya bambanta da na talabijin. Wanda ya san shirin da waƙoƙinsa zai ji raɗaɗin wannan tun a kashi na farko, don haka a nemi wannan layin kafin a biya.

Kalmar "cikakke" da ke gaban kwali ma tana bukatar bincike. Abu na farko, a samo jerin kashe-kashen shirin a ƙirga, a gwada da abin da kwalin ya ce yana ciki. Abin da aka fi tsallakewa shi ne kashi na gwaji da aka fara da shi, da na musamman da aka nuna tsakanin zanguna, da fim ɗin rufewa idan wani kamfani ne daban ya mallake shi. Sai tsawon lokaci. Tsofaffin shirye-shiryen barkwanci na Amurka sukan kai minti 25. Idan na kan faifai yana tsayawa a 22, akwai yiwuwar kwafin da aka datse don ƙara talla a maimaici ne aka juyo. Sai siffar hoto: shirin da aka ɗauka a 4:3, wato siffar tsohon allon talabijin, kuma aka sa shi ya cika allo mai faɗi na 16:9, sau da yawa an sare masa sama da ƙasa ke nan. Wani giɓin kuwa ba laifin mai bugawa ba ne. BBC ta goge kaset masu yawa a shekarun 1960 da 1970 don sake amfani da su, shi ya sa kashi sama da 90 na tsohon Doctor Who ba su nan, kuma babu kwalin da zai kawo su.

Idan bugun ƙasa ɗaya ya ƙare, sau da yawa na wata ƙasa yana nan, kuma wannan ce hanya mafi sauƙi ta tsere wa tsadar 'yan gwanjo. Sai dai akwai shingen yanki. Yanki na 1 Amurka da Kanada ne. Na 2 Turai da Japan da Gabas ta Tsakiya da Afirka ta Kudu. Na 3 Kudu maso Gabashin Asiya da Koriya ta Kudu. Na 4 Ostireliya da Latin Amurka. Na 5 yawancin Afirka da Indiya da Rasha. Na 6 Sin. Lambar tana bayan kwali cikin ƙaramin zanen duniya. Na'urar da aka kulle a yanki ɗaya ba za ta karɓi faifan wani yankin ba, don haka mai niyyar tara kwalaye ya fara da sayen na'ura mai karɓar kowane yanki. Kada a dogara da kwamfuta: ma'ajin faifanta yana yarda a sauya yanki sau biyar ne kacal, daga nan ya kafe a na ƙarshe.

Bayan yanki akwai tsarin hoto. NTSC na Amurka da Japan layi 480 ne, PAL na Turai da Ostireliya 576. Shirin da aka ɗauka a hoto 24 cikin daƙiƙa, idan aka mayar da shi PAL mai 25, yana ƙara gudu da kusan kashi 4 cikin 100. Kashi mai minti 44 sai ya dawo kusan 42, murya ta ɗan ƙara siranta. Wannan ba datsewa ba ne, kada a ruɗe wajen gwada tsawon lokaci. Masu bukatar rubutun magana a ƙasan allo su kula da wani abu kuma: wasu faya-fayan Amurka suna ɗauke da tsohon nau'in rubutun da talabijin ke fassarawa, wanda ba ya bin wayar HDMI da ake haɗa na'ura da talabijin na zamani. A tabbatar kwalin ya ambaci rubutun da ake zaɓa daga jerin zaɓin faifan kansa.

Jabu shi ne babban ramin da ake faɗawa, kuma kwalinsa yakan yi kyau har ya ruɗi ido. Faifan ne ke tona asiri. A juya shi a fuskanci haske. Wanda aka buga a masana'anta cikinsa fari ne kamar azurfa, ko ya ɗan yi ruwan zinariya. Wanda aka ƙona da kwamfuta, wato aka kwafa shirin a kan faifan da babu komai a cikinsa, yana da launin shuɗi mai ja-ja, kuma ana iya ganin iyakar inda rubutun ya tsaya. A zoben tsakiya, kusa da ramin, faifan asali yana da lambobi ƙanana, galibi har da haruffan IFPI waɗanda ke nuna masana'antar da ta yi shi. Wasu masu jabun ma a masana'anta suke bugawa, don haka launi kaɗai bai isa ba. A sa faifan a kwamfuta a duba girmansa. Faifai mai shimfiɗa ɗaya (shimfiɗa ita ce ɓangaren cikin faifan da ke riƙe da hoto) gigabait 4.7 yake ɗauka, mai shimfiɗa biyu 8.5. Kashi huɗu masu minti 44 kusan awa uku ne, kuma kamfanin kirki a mai shimfiɗa biyu yake zuba su. Idan aka ga an cusa su a ƙasa da 4.7, an matse hoton, kuma za a gani a wuraren duhu: baƙin yana farfashewa gida-gida, fuska tana narkewa idan ɗan wasa ya juya da sauri. Tambarin wata tasha a kusurwar allo, ko kuskuren rubutu a sunan 'yan wasa, ko cikakken kwalin shirin da kamfaninsa bai taɓa fitarwa a DVD ba, duk sun isa hujja.

A nan akwai togiya ɗaya. Ba kowane faifai mai shuɗin ciki ne jabu ba. Tun 2009 Warner Archive, wani sashe na kamfanin fina-finai na Warner Bros., ke sayar da tsofaffin ayyuka ta hanyar ƙona faifai idan an yi oda, kuma wasu kamfanonin sun bi sahu. Halal ne, sau da yawa ma ita ce kaɗai hanyar samun shirin da masu sonsa ba su da yawa. Mai sayarwa na gaskiya yana faɗi a fili. Irin waɗannan faya-fayan sun fi jin zafi da hasken rana, kuma wasu tsofaffin na'urori suna ƙin su.

Yadda aka shirya cikin kwalin yana da nasa tasiri, kuma a nan ne bugun araha ke kasawa. Mafi muni shi ne wanda aka jera faifai goma ko ashirin a kan sanda ɗaya, kowane a kan ɗan'uwansa: kafin a kai na goma sha biyu sai an taɓa sha ɗaya. Aljihun kwali mai kama da littafi yana da kyan gani, amma duk zarowa sai ya goge fuskar faifan, wani lokaci har gam ya manne masa. Wanda muka fi yarda da shi shi ne akwatin roba mai shafuka, kowane faifai da maƙalinsa. Kafin a yage leda a girgiza kwalin a kusa da kunne; idan ana jin ƙwas-ƙwas, wani faifai ya suɓuce yana yawo a ciki. Faifai mai fuska biyu, wanda babu hoto a kansa sai ɗan rubutu a zobe, ba shi da gefen da za a ajiye shi lafiya, gara a kauce masa idan akwai wani bugun.

Sabon kwali a cikin leda ma ba tabbaci ba ne, musamman idan tsohon ajiya ne. DVD roba biyu ce, kowace kaurin milimita 0.6, aka manne su. Idan mannewar ba ta yi kyau ba, iska da laima suna shiga su ci shimfiɗar da ke riƙe da hoton. A 2025 Warner Bros. ya amsa cewa wasu faya-fayansa da aka yi tsakanin 2006 da 2008 suna da matsala, ya kuma ce zai musanya waɗanda yake da madadinsu. Irin wannan lalacewa ba lallai ido ya gan ta ba, kuma takan fara bayyana a shimfiɗa ta biyu. Ke nan ganin faifai ya buɗe, kashi na farko ya taka lafiya, bai nuna komai ba.

Gwajin da ya dace yana cin yamma guda, kuma dole a yi shi kafin wa'adin mayar da kaya ya wuce, ba bayan wata takwas da aka iso zango na shida ba. A ƙirga faya-fayan, a karanta lambar kowane, domin ana samun faifai na uku sau biyu babu na huɗu. A sa kowane a na'ura, a tsallaka zuwa kashi na uku da na ƙarshe, a bar kowane ya yi minti biyu ko uku. Wanda ya cije, a goge shi da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba, a gwada shi a wata na'urar. Idan ya sake cijewa a daidai wurin, kwalin gaba ɗaya za a mayar, don da wuya a samu mai sayar da faifai ɗaya daga cikin 40. Wajen cirewa kuma a danna maɓallin tsakiya har faifan ya saki da kansa. Lanƙwasa shi daga baki yana tsaga zoben. A ajiye kwalin a tsaye, nesa da taga da laima.

Idan cikakken kwalin ya ɓace daga kasuwa, tara zanguna ɗaya-ɗaya ba faɗuwa ba ce. Sau da yawa faya-fayan ciki iri ɗaya ne, kuma bugun farko na kowane zango yakan zo da akwati mafi ƙwari da ɗan littafin jerin kashe-kashe wanda bugun araha ke yarwa. A fara neman zangunan ƙarshe, domin su aka fi bugawa kaɗan, kuma su ke fara ɓacewa.